Yadda ake mayar da tirelar kaya ɗakin tafi-da-gidanka

Tirelar da ake nufi a nan ba babbar motar dakon siminti ba ce. Ƙaramin akwati ne rufaffe mai taya biyu ko huɗu, wanda ake maƙalawa a bayan mota ko a-kori-kura a ja shi. A Amurka da Kanada aka fi amfani da irinsa: magina na zuba kayan aiki, masu ƙaura na zuba kayan ɗaki. Masana'antun da ke ƙera shi sun fi yawa a jihohin Jojiya da Indiyana. A can ne kuma mayar da shi ɗakin kwana ya zama ruwan dare, saboda ya fi ɗakin tafi-da-gidanka da aka ƙera tun daga masana'anta araha, kuma mutum zai tsara cikinsa yadda ransa ke so.

Abin da za ka riƙe tun farko shi ne, don kaya aka yi akwatin nan. Kaya ba sa numfashi, ba sa jin zafi, ba sa buƙatar buɗe ƙofa daga ciki. Duk aikin da ke gabanka na gyara waɗannan abubuwa uku ne, ba tare da ka ɗora wa tayoyin abin da ya fi ƙarfinsu ba.

Nauyi kafin komai

Kada ka sayi katako ko ɗaya sai ka karanta ɗan farantin da ke liƙe a gaban tirelar, galibi ta ɓangaren hagu. A jikinsa za ka ga GVWR, wato iyakar nauyin da tirelar za ta kai, ita da duk abin da ke cikinta. Mai faɗin ƙafa 6 da tsawon ƙafa 12 mai aksil ɗaya, wato sandar ƙarfen da tayoyi ke jikinta, yawanci fam 2,990 ake rubuta mata, kimanin kilo 1,356. Ba banza aka zaɓi wannan adadi ba: jihohi da dama a Amurka suna wajabta birki ga tirelar da ta kai fam 3,000, sai masu ƙerawa su tsaya gab da layin. Ita kanta ba kaya tana kai kilo 550 zuwa 600, don haka abin da ya rage maka kilo 750 zuwa 800 ne kawai. Mai ƙafa 7 da 14 mai aksil biyu kuwa tana ɗaukar fam 7,000 gaba ɗaya, tana da birkinta, amma sai mota mai ƙarfi za ta ja ta. Duba littafin motarka ka ga iyakar abin da aka yarda ta ja, da iyakar nauyin da ƙwallon ja, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da ake maƙala tirela a kai, zai ɗauka.

Kilo 750 kamar da yawa, amma ga yadda yake ƙarewa. Fallen filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu, mai ƙafa 4 da 8, yana kai kilo 30. Mai rabin inci kilo 20, mai kwatan inci kilo 10. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Wanda ya yi gado da kabad da kantar girki duk da filawud mai kauri, falle takwas kaɗai sun cinye masa kilo 240, bai sa katifa ba, bai sa batir ba, bai zuba abinci ba. Buɗe shafi a littafi, duk abin da zai shiga tirelar ka ɗora shi a sikeli ka rubuta. Ka bar aƙalla kilo 200 na tufafi, abinci, ruwa da tarkacen tafiya.

Inda nauyin ya zauna ma yana da muhimmanci kamar yawansa. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya kamata ya sauka a kan wuyanta, inda take haɗuwa da mota. Idan gaba ɗaya ta kai kilo 1,200, wuyan ya danna da kilo 120 zuwa 180. Idan bai kai haka ba, da zarar ka hau babban titi ka ƙara gudu za ta fara kaɗa gindi hagu da dama har ta fi ƙarfin sitiyari. Dalili shi ne nauyin da ke bayan tayoyi yana lilo kamar guga a bakin igiya. Saboda haka batir, ruwa da firji su zauna a kan aksil ko ɗan gaba da shi, kuma a raba su tsakanin hagu da dama. Kada ka ɗaure jarkoki ko janareta a jikin ƙofar baya.

Duba akwatin, sannan ka tuɓe shi

Idan ta hannu za ka saya, shiga ƙarƙashinta da tocila. Tsatsar da ke saman ƙarfe ba komai ba ce, buroshin waya da fenti sun isa. Wadda ke ɓarewa falle-falle a inda sifirin ke manne da shasi kuwa, bar tirelar ga mai ita. Ɗaga kowace taya da jek ka juya ta. Idan ka ji gurnani ko ta yi girgiɗi, boris ya tafi. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar tirela tsufa ke kashe ta, ba suɗewa ba, don haka wadda ta haura shekara 6 a canza ta ko da zanenta na nan daram.

Auna tsayin ciki. Yawanci ƙafa 6 ne, kimanin santimita 183, kuma za ka rasa santimita 4 zuwa 7 tsakanin silin da daɓe. Dogon mutum ya nemi mai ƙafa 6 da rabi ko 7. Auna faɗin ciki ma, don mai ƙafa 6 a waje ba ta wuce santimita 175 a ciki ba. Wannan ne zai nuna maka ko gado zai kwanta a gicciye ko sai a tsaye.

Daga nan sai ka kwance filawud ɗin bangon duka. Rubuta wa kowane falle lamba kafin ka cire shi, don zai zame maka ma'auni idan za ka yanka sabo. Za ka tarar da ginshiƙan ƙarfe masu kaurin inci ɗaya, tazarar inci 16 ko 24 tsakaninsu, da siririn alminiyam a bayansu. Ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a miƙe a jikinsa. Nan gaba idan bango ya rufe kana neman inda za ka ɗaure kabad, hoton nan ne zai cece ka.

Yanzu gwajin yoyo. Da rana tsaka ka shiga ka sa a rufe ka. Duk inda haske ya ratso ka zagaye shi da alli. Sannan wani ya tsaya a waje da mesa yana feshin ruwa, ya fara daga ƙasa yana hawa a hankali, minti biyar a kowane ɓangare, kai kana ciki kana kallo. Daga ƙasa ake farawa don idan aka fara daga rufi, ruwa zai gangaro ko'ina ba za ka san ta inda ya shiga ba. Wuraren da suka fi yoyo su ne haɗin rufi da bango, kusurwoyin gaba, da bayan ƙananan fitilun sama. A toshe su da gam na foliyuretan. Guji silikon na banɗaki: yana saki daga jikin alminiyam bayan ɗan lokaci, kuma inda ya taɓa babu gam ɗin da zai sake kamawa sai an kankare shi tas.

Ƙofa, taga da fanka

Ƙofar gefe ta tirelar kaya da sandar ƙarfe ake kulle ta daga waje. Yaro mai wasa ma zai iya rufe ka a ciki. Wannan shi ne gyaran farko, kuma ba a kwana a ciki ko dare ɗaya kafin a yi shi. Sa makulli irin na ɗakin tafi-da-gidanka mai buɗewa ta ciki da waje, sandar kuma ka cire ta, ko ka riƙa sa mata kwaɗo tana buɗe duk lokacin da mutum ke ciki. Ka kuma tanadi mafita ta biyu, taga mai buɗewa gaba ɗaya wadda babba zai iya fita ta cikinta, a bangon da ba na ƙofa ba kuma kusa da gado. Idan ƙofar bayanka mai saukowa ce kamar gada, akwai sifirin a samanta da aka murɗa da ƙarfi. Kada ka kwance notinsa, yana karya hannu.

Fankar rufi ta fi kowace na'ura da za ka saya amfani. Ramin da ake yanka mata inci 14 ne kowane gefe, kuma fankokin MaxxAir da na Fan-Tastic duk wannan awon suke bi. Zaɓi wuri tsakanin ƙarafan rufi biyu don kada ka yanke ko ɗaya. Daga ciki ka zana murabba'in, ka huda kusurwoyi huɗu, sannan ka hau sama ka haɗa ramukan da layi. Rufin ba ya ɗaukar mutum, sai ka shimfiɗa filawud a kan ƙarafan ka durƙusa a kai. Liƙa salatef na takarda a gefen layin don kada gindin zarton lantarki ya kuje fenti, ka yanka da ruwan zarto mai ƙananan haƙora. Ta ciki ka yi wa ramin firam na katako, don ƙusoshin fankar su sami abin kamawa. Alminiyam shi kaɗai ba ya riƙe ƙusa. Shimfiɗa danƙon butil a ƙarƙashin leɓen fankar, ka ɗaure ƙusoshin a hankali bi da bi har danƙon ya ɗan bultso, sannan ka rufe kan kowace ƙusa da gefen leɓen da gam mai bazuwa da kansa irin na kamfanin Dicor.

Taga ma haka ake yi, sai dai abubuwa uku. Danƙon ka fara liƙa shi daga tsakiyar ƙasa ka zagayo, don mahaɗarsa ta kasance a ƙasa inda ruwa ba ya kwanciya. Ƙananan ramukan zubar ruwa na jikin firam ɗin su kalli ƙasa; masu gaggawa kan kifa taga su sha mamakin yoyo. Idan kuma tagar ta fi tazarar ginshiƙai faɗi har sai an yanke ɗaya, mai walda ya zagaye ramin da ƙarfe sama da ƙasa ya ɗaure da ginshiƙan gefe, in ba haka ba bangon zai riƙa motsi a hanya har gilashi ya tsage. Duk bakin ƙarfen da aka yanka a shafa masa fentin hana tsatsa, a share garin ƙarfen nan take, don idan ya kwana da raɓa yana barin jajayen ɗigo a jikin fenti.

Idan fanka na fitar da iska, sai da inda sabuwa za ta shigo. Idan fankar na gaba, taga ta kasance a baya kusa da gado, iska ta ratsa ta kan mai barci. Kowace kafa a sa mata ragar sauro. Bayan an gama a maimaita gwajin mesa kafin a rufe komai.

Waya kafin soso, soso kafin bango

Fara da lissafi. Firji mai aiki da volt 12, mai cin wat 45, idan injinsa na tashi kashi 40 cikin ɗari na yini, zai ci wat-awa 430, wato wat ɗinsa sau awannin da ya yi yana aiki. A lokacin zafi ya fi haka. Fanka na awa goma, wat-awa 180. Ƙwan LED huɗu masu wat 3 na awa huɗu, 48. Cajin wayoyi da kwamfuta, 100. Jimla kusan 760. Batir na litiyam samfurin LiFePO4 mai 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,280, nauyinsa kilo 11 zuwa 13, kuma kusan duka ake iya sha. Batir mai ruwa na wannan girman ya ninka shi nauyi, rabinsa kawai ake sha kafin ya fara lalacewa, kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, sai an yi masa akwati mai mafita waje. Na litiyam kuma ba a cajinsa idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa, don haka a ƙasashen sanyi cikin ɗaki ake ajiye shi.

Farantin sola mai wat 200, a wurin da ake samun awa biyar na rana mai ƙarfi, zai ba ka kimanin wat-awa 750 bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya. Ka ga kenan da ƙyar zai biya bukatar yini, rana ɗaya ta hadari sai ka shiga bashi. Sa wat 300 da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, samfurin MPPT mai amp 30. Ƙafafun farantin su kama ƙarafan rufi, ba fatar alminiyam ba, a bar tazarar santimita 3 zuwa 5 a ƙarƙashi don iska. Wajen haɗawa, batir ake fara jona wa kwantirola sannan faranti. Wajen kwancewa, faranti ake fara cirewa.

Wayar gida mai sili ɗaya ba ta da wuri a nan, girgizar hanya na karya ta a bakin mahaɗa. Yi amfani da mai silin jan ƙarfe da yawa. Kauri 1.5mm² ya ishi fitilu, 2.5mm² na fanka da famfo, firji kuwa 4mm² idan nisan ya wuce mita uku, don a volt 12 siririyar waya na zubar da ƙarfi a hanya har firji ya ga kamar batir ya mutu ya kashe kansa. Inbata mai wat 1,000 tana jan amp kusan 100, tana son waya 35mm² gajera. Babban fis ya zauna a wayar fosatif bai wuce santimita 18 daga kan batir ba, kowane layi kuma da nasa ƙaramin fis a akwati ɗaya. Fis waya yake karewa, ba na'ura ba, don haka da kaurin waya ake zaɓensa. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Gobara na iya tashi daga nan: bakin ƙarfe ya yi wata da watanni yana cin rigar waya a bayan bango ba wanda ya gani.

Idan za ka jona wutar gari, a Amurka volt 120 ce, a Najeriya, Nijar da Gana 220 zuwa 230. Wannan ɓangaren a ba ƙwararren mai gyaran lantarki, ya sa na'urar da ke yanke wuta idan ta zube, ya kuma haɗa wayar ƙasa da shasi, tunda ɗakin gaba ɗaya ƙarfe ne kuma a kan roba yake tsaye. Na'urar sanyaya ɗaki, ko mafi ƙanƙanta mai BTU 5,000 (ma'aunin ƙarfin sanyayawa), tana cin wat kusan 450; batir ɗaya ba zai kai ta tsakar dare ba. Sai wutar gari ko janareta, shi kuma a ajiye shi nesa da taga.

Sannan soson hana zafi. Allon kumfa mai tauri ya fi dacewa, mai kaurin inci ɗaya daidai da zurfin ginshiƙai. Samfurin foliso mai fuskar gwangwani ya fi tare zafi, sai XPS, sai farin kumfa na EPS. Audugar gilashi kada ta shiga, tana shan ruwa kuma girgiza na zazzage ta ta taru a ƙasa. Yanka allon ya shiga da ɗan matsi, ka cike gefuna da kumfar feshi marar kumburi sosai, irin ta tagogi. Mai kumburi da yawa tana tura alminiyam waje, jikin tirela ya yi tudu-tudu, kuma ba ya komawa. Rufe kowace mahaɗa da salatef na alminiyam.

Ga inda da yawa ke tuntuɓe. Ginshiƙan ƙarfen nan gada ce da zafi da sanyi ke bi su tsallake soson. Da safiyar sanyi za ka ga layukan gumi a bango daidai inda kowane ginshiƙi yake, har kan ƙusoshi na ɗigar ruwa. Mutum ɗaya yana fitar da kusan sulusin lita na tururi a barcin dare, kuma kowane kilo na gas da aka ƙona yana sakin fiye da lita ɗaya da rabi. Tururin nan idan ya sami ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa, ya jiƙa bayan filawud, fumfuna ta biyo baya. Maganin shi ne a liƙa siririn soso a fuskar kowane ginshiƙi, ko a ƙara falle mai rabin inci a kan bangon gaba ɗaya kafin filawud, sannan a bar fanka tana juyawa kaɗan-kaɗan ko da ana sanyi. A ƙasa mai zafi kuwa rufi ne abokin gaba: ninka kaurin soson silin, ka shafa wa saman farin fentin roba, ka yi rumfa a gefen da rana ke bugawa. Ledar nan mai ƙyalli da ƙwayoyin iska ba ta aikin komai idan aka matse ta tsakanin abu biyu. Sai da sarari na kamar santimita 2 a gabanta take mayar da zafi.

Daɓe na asali filawud ne mai inci uku bisa huɗu. Shafa wa ƙasansa fentin hana ruwa. Idan tsayi ya ishe ka, shimfiɗa XPS mai rabin inci, ka ɗora filawud mai rabin inci, sannan ledar ɗaki falle ɗaya da aka ɗan naɗo gefenta jikin bango don ruwan da ya zube ya rasa ta inda zai shiga. Tayil yana da nauyi kuma yana fashewa. Bango da silin, filawud mai kwatan inci ya isa. Katakon da aka jiƙa da maganin gara mai sinadarin jan ƙarfe kada ya taɓa alminiyam, yana cinye shi.

Tsarin ciki

Kafin ka yanka katako, zana komai a daɓe da salatef, ka jera kwalaye a matsayin kabad, ka yi yini kana shiga da fita. A nan za ka gane ƙofar firji na bugun gado, ko ba inda za a ajiye takalma. Ka bar fili a tsakiya da zai ɗauki darduma, kimanin santimita 70 da 120, inda kanka ba zai bugi kabad ba idan ka miƙe.

Katifa mai santimita 137 da 190 tana ɗaukar mutum biyu. A tirela mai faɗin ƙafa 6 sai dai ta kwanta a tsaye. A mai ƙafa 7 tana shiga a gicciye, ka tsira da fili mai yawa. Ɗaga gadon santimita 60 zuwa 70 don ƙarƙashinsa ya zama ma'ajiya da ake buɗewa ta ƙofar baya. Kada katifa ta zauna a kan falle rufaffe, ƙasanta zai yi gumi ya yi baƙi cikin 'yan makonni. Jera sillayen katako da tazarar yatsu uku. Kabad a yi masa ƙashi da siraran katako a rufe da filawud marar kauri, a ɗaure shi da ginshiƙan ƙarfe da kuma daɓe, da ƙusa mai huda ƙarfe da kanta ko noti mai ratsawa. Kowace ƙofa da aljihun tebur su sami sakata mai kamawa. Maganaɗisu ba ya riƙewa a kan gargada.

Ruwa ba ya buƙatar wahala. Jarka biyu masu lita 20 a ƙarƙashin kwanon wanke-wanke, ɗaya ta ruwa mai kyau, ɗaya ta wanda aka yi amfani da shi, da famfon ƙafa ko ƙaramin na volt 12. Jarka ana cire ta a cika a ko'ina, a wanke ta, a ga cikinta. A ɗaure su da maɗauri. Game da bayan gida, masu tsarki da ruwa su lura: irin wanda ke raba fitsari da bayan gida don a bushe, ruwan buta na ɓata shi ya tayar da wari. Mai tankin da ake zarewa a zubar ya fi dacewa da mu.

Tukunyar gas a waje take zama, a kan wuyan tirela, a ɗaure a tsaye. Gas ya fi iska nauyi, idan ya zube a ciki kwanciya yake a daɓe yana jiran tartsatsi. Shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa; inda ya yi kumfa akwai yoyo. Ana girki fanka na aiki, ana tafiya tukunya na rufe. Sa ƙararrawar gas kusa da daɓe, ta hayaƙi a silin, ta iskar kabon monoksayid kusa da wurin kwana, da abin kashe gobara a bakin ƙofa. Kabon monoksayid ba ta da wari ba ta da launi, kuma mai barci ba ya farkawa. Kurfoti, gawayi ko risho ba sa kwana a cikin ɗakin nan ko sanyi ya kai yaya. Mai buƙatar ɗumi ya sa hita ta dizal mai kilowat 2, wadda ke jan iskar ƙonawa daga waje ta kuma fitar da hayaƙinta waje.

Kafin tafiyar farko

Loda komai kamar yau za ka tafi, har ruwa, ka kai ta babban sikelin motoci. A Amurka akwai na kamfanin CAT a tashoshin manyan motoci. Nauyin wuya kuwa a gida ma ana auna shi. Ajiye sikelin banɗaki da bulo mai tsayi ɗaya da shi, tazarar ƙafa 3 tsakaninsu, ka ɗora katako mai ƙarfi a kansu. Sauke wuyan tirelar a kan katakon, ƙafa ɗaya daga bulo, ƙafa biyu daga sikeli, tirelar na daidai ba ta karkata ba. Abin da sikelin ya nuna ka ninka sau uku. Idan bai kai kashi 10 ba, matsar da kaya gaba ka sake aunawa.

Tambayi hukumar rajistar motoci da kamfanin inshora ko gyaran ya canza matsayin tirelar a takarda, don dokar ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Wasu wuraren yada zango masu zaman kansu a Amurka ba sa karɓar wadda aka gyara a gida, sai ka kira kafin ka kama hanya.

Ƙwallon ja ya dace da bakin tirela, inci 2 ko inci 2 da 5/16, an rubuta a jikin kowanne. Sarƙoƙi biyu a gicciya su a ƙarƙashin wuya don su tare shi idan ya kuɓuce. Iskar taya a auna ta da safe kafin a motsa. Notin taya a sake ɗaure su bayan kilomita 15, da 40, da 80 na farko, boris kuma a sa masa giris duk shekara. Ba mai zama a cikin tirela tana tafiya. Idan ta fara kaɗawa a hanya, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka bi ta da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, idan tana da birkin lantarki ka matsa nata shi kaɗai da hannu, in ta lafa ka tsaya ka gyara lodi.

Daren farko ka yi shi a ƙofar gida, da waigi a tayoyi da jek biyu a kusurwoyin baya don kada ta ɗaga idan an taka ƙarshenta. Da asuba ka shafa bango da silin da tafin hannu, ka ɗaga katifa ka taɓa ƙasanta, ka duba abin da ya rage a batir. Inda ka ji danshi ka yi masa alama da fensir, ka kwance fallen wurin tun ƙusoshin ba su yi tsatsa ba.